Wane Digiri Ake Nema Wurin Mai Son Koyar da Ƙananan Yara?

Ƙannena maza da mata, akwai tambayar da ke yawan fitowa daga bakin waɗanda suka gama jami'a, sannan zuciyarsu ta karkata ga koyar da ƙananan yara, irin waɗanda ba su isa shiga firamare ba. Wannan ta karanta kimiyyar sinadarai, wancan tarihi, waccan kuma akanta. Sai ka ji ana cewa, "Ni da ban karanta fannin ilimi ba, anya za a ɗauke ni horon malanta na ƙananan yara? Ko sai na koma na sake wani digirin tun daga farko?" Waɗanda suka buɗe baki suka tambaya ma da sauƙi. Da yawa ba sa tambayar kowa, su kaɗai suke yanke wa kansu hukunci a ɗaki, su haƙura da abin da ransu ke so saboda sharaɗin da babu wanda ya gindaya musu.

Amsar ita ce za a ɗauke ku. A mafi yawan wuraren da ake ba da wannan horo, fannin da ke rubuce a takardar digirinku ba shi ke hana mutum shiga ba. Sai dai ina tsoron wannan amsa idan aka bar ta ita kaɗai, domin wanda ya ji ta yakan ɗauka aikin ba ya buƙatar wani ilimi na musamman, kowa ma zai iya. Wannan fahimta ta fi waccan fargaba illa, kuma a kan 'ya'yan mutane take ƙarewa.

Bari mu ɗauki Ingila, inda aka rubuta ƙa'idar a fili, kowa na iya dubawa. Tun watan Satumba na 2013 suke da matsayin da ake kira EYTS a taƙaice, wato malamin shekarun farko, mai kula da karatun yara tun daga haihuwa har zuwa shekara biyar. Wanda ke son shiga horon bayan ya gama jami'a, abin da ake nema a wurinsa digiri ne na farko a kowane fanni. Bayan wannan sai sakamakon GCSE, jarrabawar da yaransu ke zaunawa suna da shekara 16, kusan takwarar WAEC ɗinmu. A nan ne aka ambaci darussa da sunayensu: Turanci, lissafi da kimiyya, kowanne da mataki na 4, wanda a tsohon lissafi ake kira C. Horon na shekara ɗaya ne ga wanda zai zauna ya yi shi kacokan. Wanda yake aiki a gidan renon yara yana iya yin sa cikin shekara ɗaya yana kan aikinsa. Akwai kuma gajeriyar hanya ta wata uku ga wanda ya daɗe a aikin, inda tantance shi kawai za a yi.

Ku lura da abin da aka tsananta da abin da aka sassauta. Karatun jami'a an bar shi a buɗe, amma abin da mutum ya yi a sakandare an ɗaure shi da sunan darasi da maki. Dalilin yana cikin aikin kansa. Malamin sakandare darasi ɗaya yake riƙe da shi, shi ya sa a can Ingilar wanda zai koyar da fiziks ko lissafi ake duba digirinsa da kyau, idan bai dace ba a tura shi kwas na cike giɓi kafin ya fara horo. Malamin nazare kuwa komai yana hannunsa. Manhajar shekarun farko ta Ingila, wadda ta fara aiki a 2008 aka kuma yi mata gyara daga baya, ta kasa abin da yaro zai koya gida bakwai. Uku ne ginshiƙai: magana da fahimtar harshe, ƙarfin jiki da iya sarrafa gaɓoɓi, sai zama da mutane da iya riƙe zuciya. Sauran huɗun su ne karatu da rubutu, lissafi, sanin duniyar da ke kewaye da yaro, da fasaha irin su zane da waƙa. Da wuya a sami digirin fanni ɗaya da ya haɗa waɗannan duka. Saboda haka, sai aka nemi tabbacin cewa mutum ya iya harshe, ba ya gudun lissafi, yana da tushen kimiyya, sauran a koya masa a horo.

To me ya sa ake neman digirin ma? An yi wani babban bincike a Ingila da ake kira EPPE, wanda aka fara a 1997 ƙarƙashin su Kathy Sylva da abokan aikinta, aka bi yara kimanin 3,000 tun suna shekara uku. Cikin abin da aka gano akwai cewa wuraren da ke da ma'aikata masu zurfin karatu, musamman horarrun malamai, sun fi inganci, yaransu kuma sun fi ci gaba. Sun lura da wata ɗabi'a a wurare mafi kyau: babba ya tsaya da yaro kan tunani guda, su ja shi tare, tambaya na haifar da tambaya, ba tare da babban ya yi saurin miƙa amsa ba. Dokar ƙasar ma ta yarda da nauyin horarren malami. Ga yara 'yan shekara uku zuwa sama, inda akwai shi a aji ana iya ba babba ɗaya yara 13, inda babu shi kuwa ba a wuce takwas.

Idan kun duba tarihin wannan fanni za ku ƙara samun natsuwa. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya buɗe gidan wasan yara a Bad Blankenburg a 1837, wanda daga gare shi ne irin waɗannan makarantu suka bazu a duniya, da koyon aikin gandun daji ya fara rayuwa. Ya taɓa karatun zanen gine-gine, ya kuma yi aiki a gidan adana duwatsu da ma'adinai a birnin Balin. Maria Montessori likita ce, ta gama karatun likitanci a Rum a 1896, sai a 1907 ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo. Jean Piaget, wanda babu ɗalibin ilimi da zai gama karatu bai ji sunansa ba, digirin digirgir ɗinsa na 1918 a kan halittu ne dangin dodon koɗi. Lev Vygotsky, shi ma jigo a wannan fanni, shari'a ya karanta a Mosko.

Amma kada a tsaya a nan, domin rabin labarin ke nan. Froebel bai ce tunda ya san duwatsu ya san yara ba. Ya tafi Yverdon wurin Pestalozzi, babban malamin zamanin, ya zauna kusan shekara biyu yana koyo. Montessori ta yi aiki da yara masu buƙata ta musamman, sannan ta sake komawa jami'a neman ilimin da take ganin ba ta da shi, duk da tana likita. Piaget ya je Faris yana aikin gwajin basirar yara, sai amsoshin da yaran ke kuskurewa suka fi jan hankalinsa a kan waɗanda suke dacewa, ya ga kuskuren yana da tsari, yara masu shekaru ɗaya suna yin iri ɗaya. Daga baya ya shafe shekaru yana lura da 'ya'yansa uku yana rubutawa. Abin da kowannensu ya kawo daga fanninsa na farko shi ne ido mai lura da haƙurin bin abu a hankali. Sanin yaro kuwa daga baya suka neme shi, kuma da wahala suka same shi.

Ina so in daɗe a wannan gaɓa, domin ita ce wadda masu digiri suka fi rainawa. Ɗauki wanda ya karanta lissafi ya fita da sakamako mai kyau. A zatonsa koya wa ɗan shekara huɗu ƙirga shi ne mafi sauƙin abu a duniya. Sai ya jera wa yarinya murafan kwalba biyar ya ce ta ƙirga. Ta ƙirga tsaf, ɗaya zuwa biyar. Ya ce, "To, nawa ne ke nan?" Sai ta koma ta sake ƙirgawa daga ɗaya. Ba taurin kai ba ne, ba kuma rashin ƙwaƙwalwa ba. Ba ta riga ta gane cewa lambar ƙarshe da ta faɗa ita ce adadin abin da ke gabanta ba. A wurinta ƙirga waƙa ce da ake rerawa ana taɓa abubuwa. Wani yaron kuma zai yarda layi biyu na murafai daidai suke, amma da ka ƙara tazarar murafan layi ɗaya a gaban idonsa sai ya ce wannan ya fi yawa. Malamin da ba a horar ba zai ɗaga murya, ya maimaita, ya ƙara ɗaga murya, a ƙarshe ya ce yaron ba ya ganewa. Wanda aka horar ya san matakin da yaron yake, ya san wasan da zai kai shi na gaba, ya kuma san ba a yin sa da gaggawa. Duk zurfin lissafin jami'a ba ya koya maka wannan. Wani lokaci ma zurfin ne ke hana ka ganin inda yaron ya tsaya, saboda kai ka daɗe da manta cewa akwai ranar da ba ka san biyar biyar ba ce.

Kuma wannan ɓangaren karatu ne kawai. Akwai yaron da zai yi kuka tun daga ƙofa har a tashi, sati guda cur, saboda bai taɓa rabuwa da mahaifiyarsa ba. Akwai mai cizo. Akwai wadda ta kai shekara uku ba ta haɗa kalma biyu, kai ne za ka fara lura, kai ne kuma za ka san yadda za ka gaya wa iyayenta ba tare da ka tsorata su ko ka ɓata musu rai ba, ka nuna musu a duba jinta tukuna. Akwai ranar da za ka ga tabo a jikin yaro a wurin da faɗuwar wasa ba ta kaiwa, dole ka san wa za ka gaya wa da abin da za ka rubuta. A Ingila kowane yaro ana haɗa shi da ma'aikaci guda da zai zama nasa, wanda zai san cinsa da barcinsa da abin da ke firgita shi. Waɗannan su ne cikin aikin, kuma su ne horon yake koyarwa.

Ban ce digirinku ba shi da amfani a ajin ba. Yana da shi, in kun san yadda za ku sauko da shi. Wadda ta karanta kimiyya ba za ta tsorata ba idan yaro ya tambaye ta dalilin da ya sa dutse ke nutsewa a ruwa kara kuma ya taso. Za ta kawo roba da ruwa su gwada tare. Wanda ya karanta Hausa ko adabi yana da tatsuniya da kacici-kacici da karin magana, ya san daɗin kalma a baki, kuma yaron da aka cika wa kunne da labari shi ke saurin kama karatu. Wanda ya karanta akanta ko gudanarwa, ranar da aka ba shi riƙon makaranta zai ga amfanin karatunsa. Amma duk wannan ƙari ne a kan horo.

Ku kuma da kuka karanta fannin ilimi, ko nazarin halayyar ɗan Adam, ko ilimin ƙananan yara kai tsaye, kuna da rinjaye na gaskiya, ba zan ɓoye ba. Sunayen da abokan karatunku za su fara ji a makon farko ku kun riga kun rubuta jarrabawa a kansu, aikin rubutu zai zo muku da sauƙi. Wasu cibiyoyin horon ma suna nuna sun fi son mai digiri da ya danganci yara, shi ya sa ya kamata kowa ya karanta sharuɗɗan wurin da zai nema da idonsa, kada ya dogara da ji-ta-ji-ta. Sai dai sanin ra'ayin Piaget a takarda daban ne da durƙusawa a kan tabarma tsakiyar yara ashirin, uku na kuka, ɗaya ya jiƙa wando. A ranar ganawa da masu ɗauka, wanda ya karanta tarihi amma ya yi wata shida yana taimakawa a ajin nazare yakan fi mai digirin ilimi da bai taɓa shiga aji ba abin faɗa.

Saboda haka kafin ku cike fom, ku nemi makarantar ƙananan yara ku roƙi a bar ku ku taimaka, ko da ba za a biya ku ba. Na san wata za ta ce, "Ai ni na reni ƙannena." Wannan abu ne mai daraja, kuma zai taimake ki. Amma ƙannenki sun san ki, suna jin harshenki, kina da ikon da gida ya ba ki a kansu. 'Ya'yan mutane ba su san ki ba, kowanne da tarbiyyar gidansu, kuma iyayensu za su tambaye ki bayanin kowane ƙwarzane. Ki je ki gani. Ki riƙe ɗan littafi, kullum ki zaɓi yaro ɗaya ki rubuta abin da ya yi da abin da ya faɗa, ba abin da kike zaton yana nufi ba. In kin yi haka na 'yan makonni, za ki san ko aikin naki ne, tun kafin ki kashe kuɗi da shekara.

Samari, da ku ma nake. Maza ƙalilan ne ƙwarai a wannan aiki, a Ingila da sauran wurare, kuma yara suna buƙatar su ga namiji mai haƙuri yana karanta musu labari.

Akwai tambayar da ta fi ta fannin digiri muhimmanci, amma ba a cika yin ta ba: wace takarda zan fita da ita, kuma ina za ta kai ni? A Ingila EYTS daban take da QTS, takardar cikakken malami. A 2012 Farfesa Cathy Nutbrown, a rahoton da gwamnati ta sa ta yi, ta ba da shawarar a buɗe wa malaman ƙananan yara hanyar samun QTS ɗin kanta. Gwamnati ba ta bi wannan ba, sai ta fito da EYTS a shekara mai bi. Sakamakon shi ne mai EYTS yana jagorantar karatu a gidajen reno masu zaman kansu, amma a makarantun da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi ba a lissafa shi cikakken malami, tsarin albashin malamai kuma bai hau kansa ba. Wanda burinsa ajin nazare ne a irin waɗannan makarantu, hanyarsa ita ce horon firamare na yara 'yan shekara uku zuwa bakwai, mai ba da QTS, shi ma galibi ba ya ɗaure mutum da wani fannin digiri. Wanda zuciyarsa ke kan jarirai da 'yan shekara biyu kuwa EYTS ce tasa. Mutum ya yi kuskure a wannan zaɓi, shekara guda ta tafi. Wanda kuma ya yi karatunsa a wajen Birtaniya, akwai hukumar UK ENIC da ke auna takardunsa ta faɗi matsayinsu a tsarin can.

A gida Najeriya maganar ba ta yi nisa da wannan ba. NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa, kuma kwalejojin ilimi da dama suna da sashen ilimin ƙananan yara. Mai digiri a wani fanni hanyarsa PGDE ce, wato difloma ta koyarwa bayan digiri, a jami'a ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, sannan ya zauna jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai da dokar 1993 ta kafa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Sai dai PGDE galibi ta gama-gari ce, ta fi karkata ga koyar da darasi a manyan azuzuwa. Wanda ke son ƙananan yara sai ya tashi tsaye da kansa: ya nemi a tura shi aikin gwaji a ajin nazare, ya yi bincikensa na kammalawa a kan wannan mataki, ya nemi gogaggiyar malama ya zauna a ajinta yana kallo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cike ajin nazare a makarantun kuɗi da yawa. Matashi ya gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba, ya je neman koyarwa, sai a ce tunda ba shi da gogewa a fara ba shi ƙananan. Wato aji mafi wuya shi ake ba wanda ya fi kowa rashin shiri. Shi ya sa za ka ga ɗan shekara uku, wanda yatsunsa ba su gama ƙwarin riƙe fensir ba, an ba shi aikin gida ya rubuta ɗaya zuwa ɗari, uwa na riƙe masa hannu da dare yana hawaye. Malamin ba mugu ba ne. Abin da ya san ana kira karatu ke nan, babu wanda ya taɓa gaya masa cewa cuɗa laka, zura tsakiya a zare da yage takarda su ne ke gina hannun da zai yi rubutu gobe. In kun tsinci kanku a irin wannan aji ba tare da horo ba, ba na zargin ku, neman halali kuke yi. Amma ku nemi horon kuna kan aikin, kada ku jira sai wani ya tilasta muku.

Maganar albashi ma ba zan rufe muku ita ba: a Ingila da Najeriya duka, masu koyar da ƙananan yara suna cikin waɗanda aka fi biya kaɗan a harkar ilimi. Ku shiga da saninku, ku kuma yi shawara da iyayenku a kan haka tun da wuri.

Idan ranar ganawa ta zo, kusan tabbas za a tambaye ka abin da ya kawo mai digirin sinadarai ko tarihi wurin ƙananan yara. Kada ka ba da haƙuri a kan abin da ka karanta, kada kuma ka ce kawai kana son yara, kowa haka zai ce. Ba su labarin yaro ɗaya da ka lura da shi: abin da ya kasa yi a makon farko, abin da ka gwada, wanda bai yi aiki ba da wanda ya yi, da abin da har yanzu ba ka gane ba kake so a koya maka. Kafin wannan rana kuma ka ciro sakamakonka na sakandare ka duba. In babu kiredit a Turanci ko lissafi, ko kimiyya ga mai nufin Ingila, ka yi rajistar sake jarrabawar tun yanzu, domin wannan ne sharaɗin da ke mayar da mutane gida.